Hissene Habre da Iyayen Gidansa

A watan Maris na 1979 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta tara shugabannin ɓangarorin da ke yaƙar juna a Chadi a birnin Kano, Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa kuma shi ne ya jagoranci zaman. Wata guda kafin nan Njamena ta kama da wuta, sojojin shugaban ƙasa Felix Malloum da mayaƙan firaministansa suna ɓarin wuta unguwa-unguwa, rikicin ya rikiɗe ya koma na 'yan arewa da 'yan kudu, Musulmi da Kirista. Cikin waɗanda suka zo Kano akwai Tubawa biyu daga can ƙuryar hamada. Ɗaya shi ne Goukouni Weddeye, ɗan Derde, sarkin Tubawan Tibesti. Ɗayan kuwa shi ne firaministan da kansa, Hissene Habre, ɗan makiyayi daga Faya-Largeau wanda ya yi karatun shari'a da siyasa a Paris. An sa hannu, an yi musabaha, Nijeriya ta tura sojojin kiyaye zaman lafiya. Ko wata biyu ba a yi ba zancen ya watse. A zama na biyu da aka yi a Kano cikin Afrilu har tsare mutanen biyu aka yi a masaukinsu, amma hakan bai saya wa Chadi zaman lafiya ba.

Wanda duk ya zauna da Habre a wancan lokaci ya san da wa yake zaune, Faransa kuwa ta fi kowa sani. A Afrilun 1974 mayaƙansa suka kai hari Bardai suka sace wata Bafaranshiya mai binciken kayan tarihi, Françoise Claustre, wadda ba ta shaƙi iskar 'yanci ba sai a Janairun 1977. Faransa ta aika hafsanta, Kwamanda Pierre Galopin, ya je neman sulhu. Habre ya kama ɗan aiken, aka kashe shi a Afrilun 1975. Kashe manzo abin kunya ne ko a yaƙin jahiliyya. Duk da haka bayan shekara uku kacal, da Faransa ta ga Habre ya ɓata da Libiya a kan zirin Auzu da Gaddafi ya mamaye tun 1973, sai ta sa albarka aka naɗa shi firaminista a Agustan 1978. Tun daga nan aka kafa ma'aunin da za a yi ta auna shi da shi har ƙarshe: muddin yana gaba da Gaddafi, sauran halayensa ba abin dubawa ba ne.

Yarjejeniyar Legas ta Agustan 1979 ta haifar da gwamnatin riƙon ƙwarya, Goukouni shugaba, Habre ministan tsaro. A Maris na 1980 suka sake gwabzawa. Wata tara ana luguden wuta a Njamena, jama'a suka yi ta tsallaka kogi a kwale-kwale zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu suka zarce har Barno. Da Goukouni ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya kira Gaddafi, tankokin Libiya suka keto hamada suka shiga babban birnin a Disamba. Habre ya gudu, ya koma iyakar Sudan da 'yan tsirarun mayaƙa. A ce labarinsa ya ƙare ke nan. Amma a Janairun 1981 aka ba da sanarwa daga Tarabulus cewa Libiya da Chadi za su haɗe su zama ƙasa ɗaya, kuma a cikin wannan watan ne Ronald Reagan ya shiga fadar White House.

Mutanen Reagan ba Chadi ce a gabansu ba. Gaddafi suke nema, suna son wurin da za a fasa masa hanci ba tare da an zubar da jinin Ba'amurke ko ɗaya ba. William Casey, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, ya samo musu wurin ya kuma samo musu mutumin. Aka ware kimanin dala miliyan 10 a asirce, makamai suka riƙa bi ta Masar da Sudan suna isa hannun Habre a Darfur. Da sojojin Libiya suka janye a Nuwamban 1981, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kawo rundunar da ta ƙunshi sojojin Nijeriya da Senegal da Zayar, ƙarƙashin Janar Geoffrey Ejiga na Nijeriya. Goukouni ya ɗauka sun zo kare gwamnatinsa ne, su kuwa suka ce ba su zo shiga faɗan kowa ba. Habre ya yi ta cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya suna kallo. Ranar 7 ga Yunin 1982 ya shiga Njamena.

Bai cika wata takwas a kan mulki ba ya kafa hukumar 'yan sandan ciki da ake kira DDS, a Janairun 1983. Dokar da ta kafa ta ta ɗora ta kai tsaye ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa, daraktocinta duka na hannun damansa ne, har da ɗan'uwansa na jini Guihini Korei. Tana da kurkuku bakwai a Njamena kaɗai, ɗaya a cikin harabar fadar shugaban. Tana da kunnuwa a kasuwa da tasha da masallaci da coci, har mutum ya koma tsoron matarsa da maƙwabcinsa. Azabar da ta fi suna ita ce arbatashar: a haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya a ɗaure tamau har ƙirji ya bankaro, a bar mutum haka sai jini ya daina gudu, da yawa sun tashi da shanyayyun hannuwa har abada. Akwai ɗura ruwa har ciki ya kumbura sannan a taka. Akwai cusa wa mutum salansar mota a baki a taka totur. Akwai sanduna biyu da ake ɗaurawa a gefen kai a yi ta matsewa. Wasu ba a taɓa su da komai, rufe su kawai ake yi ba ci ba sha har rai ya yi halinsa.

A tsakiyar 1983 Goukouni ya dawo daga arewa da goyon bayan Libiya ya kama Faya. Habre ya ƙwato garin a ƙarshen Yuli, jiragen Libiya suka yi masa ruwan bama-bamai har ya sake ficewa. Nan take taimako ya ɓarke. Reagan ya amince da agajin soja na gaggawa na dala miliyan 25, har da makaman harbo jirage. Mobutu na Zayar ya turo sojojin laima. Shugaban Faransa François Mitterrand, ɗan gurguzun da ya hau mulki da alkawarin sauya hulɗar Faransa da Afirka, ya turo sojoji wajen 3,000 a wani shiri da aka sa wa suna Manta, suka ja layi a tsakiyar ƙasar suka ce Libiya ba ta tsallake shi. A cikin wannan watan na Agusta da jiragen agaji ke sauka a Njamena, aka fito da fursunonin yaƙi kimanin 150 daga cikin waɗanda aka kamo a Faya, aka kai su Ambing a bayan gari, aka buɗe musu wuta. Mutum ɗaya, Bichara Djibrine Ahmat, ya fita da rai daga cikin gawawwakin. Bayan shekara 32 ya tsaya a gaban alƙalai ya ba da labari.

Layin da Faransa ta ja ya tsare wa Habre arewa, sai ya samu sukunin juyawa kudu. A can akwai 'yan tawaye da ake kira Kodo, amma abin da aka yi daga Satumban 1984 ya wuce yaƙi da tawaye. An bi garuruwan Sarh da Mundu da ƙauyukansu ana zaƙulo masu ilimi, malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, dagatai, 'yan kasuwa, duk wanda ake ganin jama'a za su iya taruwa a bayansa. An ƙone ƙauyuka da rumbunansu. A wata gona da ke Deli an tara mayaƙan Kodo da suka ajiye makamai bisa alkawarin za a ɗauke su aikin soja, aka kashe su tare da ma'aikatan gonar. Har yau mutanen kudu Baƙar Satumba suke ce wa wannan lokaci. Sojojin Faransa suna cikin ƙasar sa'ad da aka fara wannan aiki, ba su gama janyewa ba sai a Nuwamba. Babban kwamandan sojojin Habre a lokacin kuwa wani matashin hafsa ne mai suna Idriss Deby.

Ba na son a bar mutanen da abin ya ci a matsayin lissafi kawai, don haka bari in tsaya a kan biyu. Rose Lokissim soja ce, tana cikin matan farko da suka shiga zaratan sojojin Chadi. An kama ta a 1984, aka jefa ta kurkukun da ake kira Les Locaux, a ɗakin maza wanda fursunoni ke kira ɗakin mutuwa. Ita ke kwashe kashin marasa lafiya, ita ke karɓar haihuwa idan mace ta haihu a tsare. A ɓoye kuma tana rubuta sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda aka fita da su da dare a kan 'yan guntayen takarda, tana aikawa waje don danginsu su sani. Aka tona mata asiri. Rahoton tambayoyin da aka yi mata ranar 15 ga Mayun 1986 yana nan, jami'an DDS da hannunsu suka rubuta cewa ta ce ba ta nadama, ko an kashe ta Chadi za ta gode mata, tarihi kuma zai ambace ta. Suka ba da shawarar a hukunta ta. A ranar aka kashe ta, tana da shekara 33.

Clement Abaifouta kuwa ɗalibi ne da ya samu gurbin karatu a Jamus, aka kama shi a 1985 yana shirin tafiya. Shekara huɗu ya yi a tsare, aikin da aka ba shi shi ne binne 'yan'uwansa fursunoni. Kullum a loda gawawwaki a mota, wasu sun kwana biyu a ɗaki cikin zafin Njamena tare da masu rai, a kai su wani fili da ake kira Hamral-Goz a bayan gari, ya haƙa rami ya zuba. Ba wanka, ba likkafani, ba sallah, ba wanda zai gaya wa uwa cewa ɗanta ya riga mu gidan gaskiya.

Shekarar 1987 ita ce ƙololuwar ɗaukakar Habre. Faransa ta riga ta dawo da sojojinta da jiragenta tun Fabrairun 1986 a shirin Epervier, ta kuma ba shi ɗaruruwan motocin a-kori-kura ƙirar Toyota da makaman fasa tanka samfurin Milan. Amurka ta ba da makamai da hotunan tauraron ɗan'adam. Mayaƙan Chadi, ƙarƙashin Hassan Djamous, suka yi abin da ya ba duniya mamaki. Suka ci Fada a Janairu, suka ci babban sansanin Wadi Dum a Maris, a Satumba har cikin Libiya suka kutsa suka ragargaza sansanin Ma'atan as-Sarra. Jarumtaka ce ta gaske, ba mai ƙwace musu ita. A watan Yuni Reagan ya karɓi Habre a White House ya yaba masa a gaban 'yan jarida. A watan Yuli yana Paris a matsayin babban baƙo wajen faretin ranar 14 ga wata.

A daidai waɗannan watanni ne DDS ke farautar ƙabilar Hajarai, waɗanda da su aka ci yaƙin hawa mulki, saboda wasu 'ya'yansu sun yi tawaye. A wannan shekarar ce kuma aka mai da wani tsohon wurin ninkaya na zamanin Turawa kurkukun ƙarƙashin ƙasa: aka rufe samansa da kankare, aka yanka shi ɗaki goma, ake cusa mutane da dama a ɗakin da bai fi na mutum biyu ba. A 1988 aka kwashi wasu mata fursunoni aka kai su Wadi Dum, wurin da aka yi nasarar da duniya ke tafa wa, aka mai da su bayin sojoji, da rana wanki da girki, da dare fyaɗe. A Afrilun 1989 layi ya zo kan Zagawa. Aka zargi Djamous da Deby da ministan cikin gida Ibrahim Itno da shirya juyin mulki. Djamous, gwarzon Wadi Dum, ya mutu a hannun Habre, haka ma Itno. Deby ya tsere Sudan. Ɗaruruwan Zagawa da ba su san hawa ba su san sauka ba aka bi su gida-gida.

Masu kare Amurka da Faransa suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Gaddafi ya mamaye ƙasar da ba tasa ba, Kotun Duniya ma ta tabbatar a Fabrairun 1994 cewa Auzu ta Chadi ce. Jiragensa sun yi wa garuruwa ruwan wuta, nakiyoyin da sojojinsa suka binne a arewa sun daɗe suna cin makiyaya da raƙumansu. Ranar 19 ga Satumban 1989 jirgin fasinja na kamfanin UTA da ya tashi daga Njamena ya tarwatse a saman Tenere ta Nijar, mutum 170 suka hallaka, kotun Paris kuma ta sami jami'an Libiya shida da laifi. Taimakon Chadi ta kare kanta ba aibu ba ne. Amma taimakon bai tsaya a bakin daga ba, ya shiga har cikin DDS. Kwamitin binciken da Chadi ta kafa bayan faɗuwar Habre ya sa Amurka a sahun gaba na masu ba hukumar horo da kayan aiki, ya kuma ambaci Faransa da Masar da Iraƙi da Zayar. Takardun hukumar sun nuna an kai wasu jami'anta Amurka horo na musamman a 1985. Daraktanta na farko, Saleh Younous, ya faɗa da bakinsa cewa akwai Ba'amurken da ke ba shi shawara. Ofishin hukumar agaji ta Amurka yana fuskantar hedikwatar DDS, titi ne kawai a tsakaninsu. Batun cewa ba a sani ba kuwa, ƙungiyar Amnesty International ta yi ta fitar da rahoto tun farkon mulkin, kuma bayan gudun Habre an tarar da wasiƙu da katuna fiye da 50,000 da 'ya'yanta suka aiko suna roƙon a saki fursunoni. Talakan Turai da ke zaune a ɗakinsa ya sani har ya ɗauki alƙalami, sai a ce jakada da jami'in leƙen asirin da ke cikin garin ne ba su sani ba? Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a da suka ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Yadda aka rabu ma abin lura ne. Da yaƙin cacar baka ya lafa, Faransa ta ga Habre ya cika jingina da Amurka, sai ta naɗe hannu. Deby ya taso daga Darfur da taimakon Sudan da Libiya, sojojin Epervier suna kallo, ranar 1 ga Disamban 1990 Habre ya tsallaka Kamaru da kuɗin baitulmali, daga nan ya wuce Dakar. Abin da ya fi damun Amurka a waɗannan kwanaki shi ne wasu ɗaruruwan fursunonin Libiya da CIA ke horarwa a kusa da Njamena don su yaƙi Gaddafi, ƙarƙashin wani kanar da aka kama a Wadi Dum. Cikin gaggawa aka kwashe su a jirgi, aka bi da su ta Nijeriya da Zayar da Kenya har Amurka. Sunan kanar ɗin Khalifa Haftar, wanda yau ke riƙe da gabashin Libiya.

Kwamitin bincike ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar ya fitar da rahoto a 1992. Ya tattara sunayen mamata 3,780, ya ƙiyasta cewa jimillar ta kai 40,000. Gwamnatin Deby ta jefa rahoton a durowa, tsofaffin jami'an DDS da dama suka koma bakin aiki da sababbin muƙamai. Wanda ya ƙi bari maganar ta mutu wani akanta ne na Hukumar Tafkin Chadi, Souleymane Guengueng, wanda ya yi rantsuwa a kurkuku cewa idan Allah ya fitar da shi da rai zai nemi hakkin waɗanda suka mutu a gabansa. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya ya cike takardun shaida 792 ya ɓoye a gidansa. Da su aka shigar da ƙara a Dakar a 2000. Lauyar masu ƙarar Jacqueline Moudeina an jefa mata gurneti a Njamena a 2001, ta rayu da raunuka, ba ta janye ba. A wannan shekarar Reed Brody na ƙungiyar Human Rights Watch da abokin aikinsa suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura, a ciki akwai sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare da 12,321 da aka ci zarafinsu.

Sauran tafiyar jan ƙafa ce. Kotunan Senegal suka ce ba huruminsu ba ne, Beljiyam ta nemi a miƙa mata Habre a 2005, Tarayyar Afirka ta ce Senegal ta yi shari'ar da sunan Afirka, Shugaban Senegal Abdoulaye Wade ya yi ta yawo da hankalin mutane a kan kuɗi. Sai da Kotun Duniya ta yi hukunci a kan batun a Yulin 2012, Macky Sall kuma ya hau mulki a Senegal, sannan aka kafa kotu ta musamman. An fara zama ranar 20 ga Yulin 2015. Da ƙarfi aka shigo da Habre, ya zauna cikin farin rawani da baƙin tabarau, bai ce wa alƙalai uffan ba, in ban da ihun da ya yi yana la'antar 'yan mulkin mallaka, wato mutanen da suka ɗaure masa gindi shekara takwas. Shaidu 93 suka yi magana. Khadidja Hassan Zidane ta dube shi ido da ido ta ce shi da kansa ya yi mata fyaɗe. Ranar 30 ga Mayun 2016 mai shari'a Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso ya yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Afrilun 2017, ta kuma yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Habre ya mutu a Dakar ranar 24 ga Agustan 2021.

Hukuncin daidai ne, Habre ya cancanci abin da ya samu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka tattara kusan duk laifin shekara takwas aka ɗora wa mutum ɗaya kowa ya kakkaɓe rigarsa. Deby, kwamandan lokacin Baƙar Satumba, ya mulki Chadi shekara 30 ba wanda ya tambaye shi, gwamnatinsa ta ba da kuɗin shari'ar amma ta ƙi miƙa manyan jami'an DDS ga kotun Dakar. A cikin gida wasu sun juya fushinsu kan ƙabilar Habre ta Goran, wani reshe na Tubawa, baki ɗaya, alhali makiyayin Goran bai ɗaure kowa arbatashar ba, kamar yadda manomin Faransa bai sa hannu a takardar tura makamai ba. Laifin yana da masu shi, gwamnatoci ne da hukumomi masu suna da adireshi. Bayan hukuncin, sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ya ce wannan dama ce ga ƙasarsa ta yi nazarin alaƙarta da abin da ya faru a Chadi, maganar ba ta wuce nan ba. Faransa ta kafa kwamitin masana tarihi a kan rawar da ta taka a Ruwanda, ta kafa wani a kan Kamaru, Chadi ba ta samu irin wannan ba.

Asusun da Tarayyar Afirka ta kafa don biyan diyyar ya shafe shekaru ba a biya kowa daga cikinsa ba, ɗaruruwan masu hakki sun mutu suna jira. Sefa biliyan 10 da gwamnatin Chadi ta fara rabawa a 2024 ko kusa da abin da kotu ta yanke bai kai ba. Ƙasashen da suka iya samo dala miliyan 25 cikin 'yan makonni a 1983 don sayen makamai ba za su ce sun rasa abin zubawa a wannan asusu ba. Ya kamata Amurka da Faransa su buɗe takardunsu na shekarun 1982 zuwa 1990, su biya kasonsu na diyyar, gwamnatocinmu na Nijeriya da Nijar kuma su matsa a yi haka tun sauran waɗanda suka fito daga kurkukun DDS suna da rai.